Motar da Yaya Ya Gyara

Yayana ya yi shekara talatin yana duba sikeli a ofishin awo. Da ya yi ritaya ya rasa abin aunawa, sai ya koma kan motocin wasa masu rimot. Tuƙin bai dame shi ba, man shokozoba ne sana'arsa. A ɗakin da ya ƙwace wa matarsa akwai kwalabe goma sha bakwai na man silikon, daga mai ruwa-ruwa zuwa mai kauri, kowace da lambarta. In ya cika shoka, wato shokozobar, da mai, sai ya motsa sandar ciki a hankali, ya tsayar da ita minti ashirin har kumfa ta fita, kuma a wannan lokacin ko gaisuwa ba ya amsawa. Motarsa ta gaske kuwa tun bara take kuka a kowane rami.

"Wadda muke shiga fa, yaushe za ta ga likita?" in ji matarsa.

"Wannan ai aikin kanikawa ne."

Wata bakwai bayan rasuwar 'yata na kai masa motarta ta wasa, saboda batirin ya daina ɗaukar caji. Shekararta goma sha huɗu, kuma ita ta cika shokokin da hannunta. Motar tana da wata tafiya tata: in ta sauko daga matakalar ƙofa, bayanta na hagu yakan yi tsalle sau biyu. Wannan tsallen nake son in sake gani. Na ce masa batiri kawai.

Da na dawo, na tarar da shoka huɗu a wanke, an jera su a kan tawul.

"Auta, wane mugun ne ya cika waɗannan? Uku lamba talatin, ta huɗun haɗe-haɗe, ga kumfa kamar ruwan wanki!"

"'Yarka ce, Yaya."

Ya dubi kofin da ya tsiyaye man duka huɗun a ciki.

Sati uku ya yi yana neman maimaita kuskurenta. Ya gauraya talatin da arba'in, ya gauraya ashirin da hamsin, yana rubuta kowane gwaji a littafi. Matarsa ta ce in ya yi niyyar barin kumfa, hannunsa da kansa yake fitar da ita. Kuskuren ma aunawa yake yi.

Ranar da ya kira ni, ya ɗora motar a kan matakala ya miƙo mini rimot. Ta sauko ta zauna daram, ko motsi.

"Ya yi kama?"

"A'a."

"Iyakar ɓatawar da na iya ke nan, Auta."

"Na sani, Yaya. Ta gyaru ƙwarai."

Na sa ta a jaka na tafi gida.