Faifan da Na Kashe Saboda Tudorel

Tudorel Bâzgan ya tuƙa taragon cikin gari a nan Craiova shekara talatin da ɗaya kafin ya yi ritaya. Gajere ne mai sanƙo, kullum cikin suwaita ɗaya. Ƙofarsa tana kallon tawa a hawa na shida, kuma in faɗi gaskiya, na daɗe ina jin zafinsa.

Muna da dandalin musayar fayil na unguwa tun zamanin da ake jan waya daga wannan bene zuwa wancan. Ƙa'idarsa ɗaya ce: in ka sauke abu, ka bar kwamfutarka a kunne wasu su ɗiba daga wurinka. Ana jera sunaye bisa yawan abin da mutum ya bayar. Shekara tara sunan Tudorel ne a sama. Ni da na karanta injiniya ina na goma sha huɗu.

Me yake da shi? Tsofaffin fayafan kwamfuta masu juyawa da yake tsintowa a kasuwar gwanjo, ya jera su a akwatin takalmi suna ta gurnani. Duk da haka mai sayar da burodi ma gaishe shi take yi, don a wurinsa ta samu waƙoƙin ƙauyensu.

Na rantse sai na sauke shi daga saman nan. Na sayo faifan SSD, irin na zamani da ba ya juyawa, ƙarami mai araha, amma ga sauri. Duk sabon abin da ya fito sai in riga kowa saukewa, mutane su ɗiba, in goge, in sake cika shi. Ban kalli ko ɗaya ba. Cikin shekara biyu na kai na biyu, har na fara amsa gaisuwarsa da hanci.

Wata Lahadi da safe kwamfutar ta ƙi tashi. Matata Anişoara ta tsaya a kaina riƙe da ludayi.

"Horaţiu, bidiyon bikin 'yarmu fa? Kada ka ce min a ciki ka ajiye."

A ciki na ajiye. Ita ta tura ni ƙofar Tudorel.

Ya juya faifan a hannunsa, ya yi murmushin da ya fi zagi ciwo.

"Injiniya, ai wannan kamar littafin makaranta yake. Karanta shi kullum, ba abin da zai same shi. Amma rubuta ka goge, rubuta ka goge, wata rana takardar za ta huje. Ka cika shi fal kuma, ko wurin numfashi ba ka bar masa ba."

"To, Yaya Tudorel, ya za a yi?"

"Da shi? Ka sa shi ƙarƙashin ƙafar tebur." Ya jawo akwatin takalminsa. "Bikin dai yana nan. Matarka ta ba ni in kalla a lokacin, ni kuma ba na goge abin mutane."

Ya kwafa min bidiyon, ya zuba min kofi. Da ya yi min gori da na fi samun sauƙi.

Kafin in sayi wani faifan na koma na tara a jerin sunayen. Anişoara kuwa ta kai masa tukunyar naɗin kabeji da nama, wadda ta dafa mana. Ina zaune ina jin dariyarsu ta ƙofa, kishi na cin raina fiye da da.