Tsibin da Tanko Ya Bari

Duk mai son sanin darajar al'umma, kada ya wahalar da kansa zuwa fadarta ko makarantunta. Ya ce a kai shi jujinta. A can gaskiya take kwance ba riga. Duk daɗewata ina riƙe da alli ban taɓa faɗin magana mai nauyin wannan ba, kuma ba tawa ba ce. Ta taubashina ce, Injiniya Tanko, wanda a watan nan ya cika shekara tara da rasuwa, ya bar mace ɗaya, Saratu, 'ya'ya huɗu, da juji mafi tsawo a duk karkarar Tsanyawa.

Mahaifinsa da mahaifiyata ciki ɗaya suka fito. Su gidansu coci suke zuwa, mu masallaci, amma guga ɗaya muke zurawa a rijiyar da kakanninmu suka haƙa a gangaren unguwa, tun ba a san coci ko masallaci a wurin ba. Tanko ya yi karatun gina hanya, ya yi aiki a birni, ya dawo da wata aƙida da ta fi ƙarfin wa'azin fasto da na liman a zuciyarsa: wai sharar da ke fita in an narka ƙarfe a masana'anta, wadda maƙeranmu ke kira kashin ƙarfe, ta fi tsakuwar dutse riƙe kwalta. Ya ce tana da kaushi, taya ba ta zamewa a kanta, kuma babbar mota ba ta niƙe ta. Ana fasa duwatsun Allah ana yin titi, alhali ga wannan jibge a bayan masana'antu, masu shi na neman wanda zai raba su da shi.

Ni malamin Hausa ne, don haka gardamata da shi ta harafi ɗaya ce. Ya kan ce ƙashi ne, ƙashin bayan titi. Ni kuwa in ce, "Tanko, cire lanƙwasar nan. Kashi ne, kuma a iya sanina ba a taɓa kai wa mutum kashi gona ya yi godiya ba sai na shanu." Sai ya yi dariya ya ce, "Kai dai ci alli, bawana. Ranar da ka hau titina za ka biya ni kuɗin shara."

Ba mahaukaci ba ne, kuma ba mai gaggawa ba. Shi da bakinsa ya gaya wa dattawa cewa abin yana da mugun hali. Sabonsa yana ɗauke da wani farin sinadari mai zafi kamar kanwa wanda in ya sha ruwa yakan kumbura. In aka binne shi a ƙarƙashin kwalta da ɗanyensa, titi zai yi ƙuraje ya tsage. Maganinsa a shanya shi a fili, ruwan sama ya dake shi, ya gama fushinsa tukuna. Da aka amince a gwada a hanyarmu ta zuwa kasuwa, sai aka rasa inda za a shanya. Wanda ya san ƙasarmu ya san ba mu da fili na banza. Kunyar wannan tana gogar kunyar wancan, ko akuya sai an ɗaure. Tanko ya ba da gonarsa ta gado, wadda ke tudu, sama da rijiya. Damina biyu kawai, in ji shi. Ya sa aka haƙa lambatu a kewaye, aka shafe shi da siminti, don ruwan da ya wanko tsibin ya taru a rami guda a riƙa kwashewa.

Damina ɗaya ya gani. Ciwon da ya ɗauke shi bai ba shi mako ba.

Abin da ya biyo baya ba sabon labari ba ne ga mai karatu. Waɗanda suka yi alkawari sun sauka daga mulki, waɗanda suka hau ba su san da zancen ba. Tifofin da suka kawo kaya ba su san hanyar dawowa ba. Tsibin kuwa bai zauna haka nan ba: ya haɗe jikinsa ya daskare, har diga tana tsalle a kansa. Lambatun ya cike da ƙasa, simintin ya fashe, saiwar kirya ta shiga. Dabarar damina biyu ce aka bar ta ta yi ta goma.

Yanzu duk bayan ruwa, wani farin kumfa yana tsattsafowa daga gindin tsibin, ya bushe ya bar zane a ƙasa kamar yaro ya yi wasa da alli. Shekarun farko iyakarsa gonar Tanko. Daga baya ya tsallaka ta maƙwabcinsa, dawar wurin ta yi rawaya, ta tsaya iya gwiwa. Bara ya ƙetare turbar da mata ke bi zuwa ɗibar ruwa. Ba ya gudu, ba ya kuma komawa. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu iya magana, kuma ban taɓa jin karin maganar nan ta ba ni tsoro ba sai da na ga inda ake nufa. Ƙasa da turbar ba abin da ya rage sai kuka ɗaya da bakin rijiya.

Na kan tambayi kaina me Tanko zai ce in ya leƙo yau. Ina jin da farko zai yi murna, don 'yarsa ta fari, wadda ta gaji karatunsa, ta nuna mini a waya cewa a wasu ƙasashe abin da ya faɗa shi ake yi, titunan kuma suna nan garau. Har ta ce tsibin babanta ya daɗe da hucewa, yanzu ne ma ya isa shiga kwalta, in da mai fasa shi. Zai juyo ya ce in mayar masa da lanƙwasarsa. Sai dai na san shi. Daga nan zai gangara, ya tsuguna a bakin farin zanen. Mutumin da ya shafe lambatu da siminti ya san abin da yake tsoro.

Mun je ƙaramar hukuma, ni da mai unguwa da dattijon coci. An karɓe mu da mutunci, an ba mu kujera, an ce katafilar da za ta fasa tsibin tana wurin gyara. Mun roƙi a zo a auna ruwan rijiyar, an ce za a turo. A unguwa kuwa magana ta fara canja launi. Da "tsibin Injiniya" ake cewa, da ɗan alfahari. Yanzu "kayan mijin Saratu" ake cewa, kuma in ta iso bakin rijiya hira takan yanke. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. In tsuntsun ya riga mu gidan gaskiya, sai ruwan ya nemi sheƙarsa.

To me ya rage na Tanko? Gaskiyarsa ta rage, don lissafinsa bai yi ƙarya ba. Kyautarsa ta rage, don ban san wani da zai ba da gonar ubansa saboda jama'a su huta da taɓo ba. Amma na tsufa na gane cewa kyakkyawar niyya ma kamar jariri take, tana bukatar mai raino in uwa ta mutu. Tanko ya bar tasa marainiya a kan tudu, mu kuma muna zaune a ƙasa.

Ranar da ya cika shekara taran na je gaida Saratu. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo shinkafa da wake da mai da yaji. Na kai loma, na ji wake ya narke a baki, na ce, "Matar bawana, hannun nan naki bai tsufa ba."

Ta ce, "Ba hannuna ba ne, Malam. Tun faɗuwar ruwan bana ba wadda ta sayi kanwa a unguwar nan. Da ruwan rijiya kaɗai waken yake nuna."