Daudu da Waken da Ba Ya Harawa

Malam Daudu maƙwabcina ne a Gwiwa, kuma ban taɓa ganin mai saurin sa damuwa a rai irinsa ba. Ruwa ya yi yawa ya damu, ya ɗauke kwana uku ya rame. Kakanninsa masu garke ne, amma abin da ya iso hannunsa shanun huɗa biyu ne kacal, Fari da Baƙi. Da su yake noma gonarsa, ya yi wa mutane huɗa a biya shi.

Shekara uku a jere tsutsa tana cinye masa wake tun yana fure. Bara sai wata jami'ar bincike, Malama Asma'u, ta kawo sabon iri da aka inganta a ɗakin gwaji, wanda tsutsa ba ta iya masa. Ta ce a fara gwadawa a gefe guda. Daudu, da tsutsa ta kai shi bango, ya shuke gonar kaf.

Wake kam ya yi, ba ƙarya. Sai dai tsohon irinmu yaɗo yake yi ya rufe ƙasa, bayan roro a naɗe harawa a jibge kan rumfa, shanu su ci har bazara. Wannan kuwa a tsaye yake, 'ya'ya fal, ganye kaɗan, kuma ya nuna tun ruwa bai ɗauke ba, ɗan ganyen ya ruɓe. Muna taya shi murna, shi yana kallon rumfa.

Kafin rani ya raba, kara da dusa sun ƙare. Ya je kasuwar Babura neman harawa, ya tarar ta fi ƙarfinsa. Haƙarƙarin Fari ya fara fitowa. Kullum sai ya kira ni in duba, wai ko idonsa ne, ni kuma in shara masa ƙarya in ce san ya ma ƙara kumari. Tausayinsa nake ji, don mun san in Fari ya kwanta, Baƙi ba zai ja garma shi kaɗai ba.

Da bazara Malama Asma'u ta dawo da takarda tana tambayar buhu nawa ya samu. Sai ya ja ta zuwa turke.

"Malama, wakenku ya ciyar da iyalina, ban raina ba. To wa zai ja garmar da zan sake shuka shi?"

Ta dubi Fari da kyau. Ta ce takardar ba ta da gurbin harawa, amma ta rubuta a gefe, kuma za a iya fitar da iri mai ganye. Ya tambaye ta yaushe. Ta faɗi gaskiya, ta ce aiki ne na shekaru.

Da la'asar na hango shi ta kan danga, ya ɗebo kwano guda daga buhun abincin gida yana zuba wa Fari, yana waiwaye kada matarsa ta gani. Saura wata biyu ruwa ya sauka.