Cokali Uku

Kullum da safe nas ɗin tana tarar da ita kan bencin ƙofar ɗakin masu mummunan rauni: tsohuwa siririya mai koɗaɗɗen mayafi, ta rungume filas ɗin shayi kamar jariri. Mijinta magini ne, ya faɗo daga bene. Yana ciki bai farfaɗo ba, jiki a kumbure, sukarinsa ya ƙi sauka.

Yau sai ta tare ta.

"'Yata, faɗa mini gaskiya. Shekara arba'in ina zuba masa sukari cokali uku a shayi. Ni na jawo masa?"

"A'a, Mama. In jiki ya ji rauni haka, sukari kan hau da kansa. Muna ba shi magani."

"In na sa biyu, cewa yake na ba shi ruwan wanke kofi."

Nas tana kallon yatsun da ke shafa murfin, tana hango kofuna biyu da gardamar kowace safiya.

Ta juya za ta shiga, tsohuwar ta riƙo hannunta.

"In ya buɗe ido, ki ce masa shayinsa yana nan da zafinsa."