Katin da bai gaida Gwaggo ba

Jiya aka miƙo mini katin ɗaurin aure daga Madawa, yana ƙamshin sabuwar tawada, sai Gwaggo, yayar babanmu, ta faɗo mini a rai.

Da za a aurar da ƙanwata, Baba ya sa aka buga kati a inji, tuli guda, duk iri ɗaya. Ina wurin Gwaggo a Bangi aka kawo nata. Ta juya shi, ta shinshina, ta mayar wa ɗan aike.

"Ka ce ma ƙanena takardarshi ta iso, amma ba ta gaishe ni ba. Ni da mai saida albasa, iri guda anka ba mu?"

Ita ce mai sa amarya lalle, in ta ƙi zuwa biki ya tsaya. Dole Baba ya ɗauko goro ya zo da kansa. Ta bar shi tsugune har ta gama tankaɗe, sannan ta ce, "Yanzu an gayyace ni. Tashi, gwiwar taka ba ta yaro ba ce."

Yau kati na isa ga dangi har Abijan, ban ƙi ba. Amma manyana da ƙafa nake zuwa musu.

Allah ya sanyaya makwancinki, Gwaggo, ya tarbe ki da mutuncin da kika koya mana.