Shuɗin da ke ƙarƙashin roba

Jiya wani mai fenti a Anguwan Rukuba ya dubi tsohuwar Fijo da Baba ya bar mini, ya ce, "Madam, shuɗi ai shuɗi ne. Bari in fesa mata mai ƙyalli, gobe ki zo ki ɗauka." Na karɓe makullina, ko sallama ban yi masa ba.

Baba a fentin mota ya tsufa, a Farin Gada, kuma bai taɓa gwada launi da jikin mota na waje ba. Robar bakin ƙofa yake ɗagawa, inda rana ba ta taɓa leƙawa ba, ya lashi babban yatsa ya goge wurin. Wata safiya na kai masa koko, na tarar da shi a tsugune yana dama fenti a gwangwanin madara, wari har yana sa ni hawaye. Ya ɗiga a gutun ƙarfe, ya jira ya bushe, ya kara a ƙarƙashin robar motar da yake aiki a kai, ya girgiza kai, ya sake damawa.

Na ce, "Baba, wa zai gane?"

Ya ce, "Ni, duk ranar da motar ta wuce ta gabana."

Yayyena sun ce in sayar in huta. Ba zan sayar ba, kuma babu mai shafa mata launin da ba nata ba. Ta zauna a koɗe a ƙofar gidana har in sami mai ɗaga robar nan.

Allah ya jiƙanka, Baba, ya ajiye ka inda babu abin da ke koɗewa.