Waya Mai Tsawon Yatsa

A shekarun da Abuja ke tsiro kamar ciyawar damina, ina da rumfar wayarin mota a Idu, bayan wani sito. Aiki ya yi yawa har ina korar wani. Kaina kuma ya kumbura, don ni kaɗai ne a layinmu ke taɓa tsofaffin motocin dizal masu canza giya da kansu, irin waɗanda ake shigowa da su bayan Turawa sun gama cin moriyarsu.

Wata Laraba wani direba da na daɗe da sani ya kawo tasa, mai ɗaukar lemo zuwa kasuwar Zuba. Ta maƙale a giya ta biyu, tana ta kuka ba ta gaba, wani lokaci kuma a murɗa makulli ta yi gum. Na shiga ƙarƙashinta na ga ikon Allah. Wanda ya riga ni taɓa ta jar waya kaɗai ya mallaka a duniya, ko'ina ja, an naɗe da leda maimakon salatif. Na wuni ina bin su ɗaya bayan ɗaya da ƙwan gwaji, har na iske wadda ta ci tsatsa a jikin giyabos. Na kankare, na ɗaure, giya ta koma shiga lafiya lau.

Saura tashi. Akwai wani ɗan makunni a gefen giyabos da ke hana injin tashi sai mota tana firi, wato ba ta cikin kowace giya. Ya mutu murus, kuma sai an aiko da shi daga Legas. Direba ya ce lodi na jiransa, ya haɗa ni da Allah da Annabi. Na yanko waya mai tsawon yatsa na tsallake makunnin. Mota ta tashi da murɗa ɗaya. Na ce masa, "Ka ji da kyau, yanzu ko a wace giya take za ta tashi, kuma da ta tashi za ta tafi. Kada ka taɓa makulli sai ka ga tana firi." Ya ce ya ji.

Kashegari da azahar na je cin shinkafa wurin mai abinci, sai ga shi zaune a benci, ya lulluɓa da tawul yana rawar sanyi. Na ce ina mota? Ya ce zazzaɓi ya kayar da shi, ƙanensa ya kai lodin Zuba.

"Ka gaya masa?"

Ya ɗago jajayen idanu. "Gaya masa me, Oga?"

Na ajiye cokali. Na san ƙanen. Magidanci ne, shekara da shekaru yana jan mota mai kuloci, kuma duk irinsu ɗabi'arsu ɗaya: ba sa yarda da burkin hannu, a giya suke barin mota in sun tsaya. Burkin hannun wannan motar kuwa sunansa kawai ya rage. Sannan ba ya hawa in zai ɗuma inji. Daga ƙasa yake miƙa hannu ya murɗa makulli, ɗaya hannun yana danna totur. Kuma na san Zuba da rana tsaka. Babu inuwar da ta kai ta gaban babbar mota, nan mata masu sari ke baza tirensu.

Muka kira wayarsa, layi ya ƙi shiga. Muka sake, wata murya ta ce a gwada an jima. Na bar shinkafar na tare ɗan acaɓa.

Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. A Gwagwa tifofin yashi sun cushe hanya, na sauka na yi gudu da ƙafa, na hau wani babur a gaba. Addu'ar da na iya tun ina ƙarami ta gudu ta bar ni, sai "Ya Allah, Ya Allah" kawai nake yi. A Dei-Dei na samu bas, direbanta kuwa ya tsaya kiran fasinja kamar ubansa ne ya gina titin. Na zage shi, na ba shi haƙuri, na sake zaginsa.

Na shiga kasuwar ina zamewa kan ɓawon kankana. Can na hango motar, an gama sauke kaya. Wata dattijuwa 'yar Binuwai tana zaune a kan kujera 'yar tsugunno, bayanta jingine da bamba, tana jera lemo. Ƙanen direban yana tsaye a ƙasa, ƙofa a buɗe, rabin jikinsa a ciki.

Na kurma ihu, "Mama, tashi! Tashi!"

Ta zabura ta yi gefe, ba don ta gane ba, don dai ta ga mahaukaci ya nufo ta. A daidai nan injin ya kama. Motar ta yi tsalle ta haye dutsen da aka yi mata weji da shi, ta murƙushe kujerar da tiren, ta daki tulin buhuna, sannan mutumin ya samu ya kashe ta. Takalmin dattijuwar ƙafa ɗaya yana ƙarƙashin taya.

Na zauna daɓas cikin ruwan lemo. Jama'a suka yi caa a kan ƙanen direban, wani har ya kai masa mari. Shi kuwa sai rantsuwa yake, "Wallahi ba ta taɓa yin haka ba! Mota ce mai aljanu!" Ina ji, ban ce uffan ba. Na rarrafa ƙarƙashi kamar mai binciken laifi, na fizge 'yar wayar na jefa a aljihu.

Da na fito, dattijuwar ta kama hannuwana biyu tana kuka. "Oga, Allah ne ya kawo ka. Kai ne ya cece ni. Yarana zai yi maka addu'a har ka mutu."

Ƙanen direban ya bar tuƙi daga ranar, ya koma gida noma, har yau ana ce masa mai ganganci. Dattijuwar kuma, tsawon shekarun da ta yi a Zuba, ban taɓa wucewa ba ta cika mini leda da lemo ba. Tana kiran maƙwabtanta su zo su ga mutumin da ya ceci ranta. Nakan karɓa in yi godiya, in kai gida in ba yara. Ni dai ban taɓa iya shan ko ɗaya ba.